Kifin da Aka Ɗora wa Hannu

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a shagon da ke jikin na Baba Arzika a Nassarawa, kuma duk tsawon wannan lokaci kayan da nake ɗinka wa mutane ƙaurin kifin banda suke yi. Na yi mita har na gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya ce ai turare nake samu kyauta. Sunana Priscilla, amma tun da muka haɗu bai taɓa kirana da wani abu ba sai "ɗiyata".

Mutumin Argungu ne, ɗan gidan masunta. Ya yi su a gulbi har ƙirjinsa ya daina jure sanyin ruwa, sannan ya dawo Birnin Kebbi ya buɗe shago, 'yan'uwansa na aiko masa da tarwaɗa da giwan ruwa. Yana da wata ƙa'ida da ya taso da ita tun bakin gulbi. In mai saye ya ɗora hannu a kan kifi ya ce yana so, kifin ya zama nasa ko bai biya ba. Baba zai ɗauke shi ya sa a kwando a bayan benci, ya jira mai shi. Na taɓa ganin wani alhaji ya ninka farashin kifin da wata mai kunu ta riga ta taɓa, Baba ko kai bai ɗaga ba.

Sai kasuwa ta juya masa baya. Aka buɗe shagunan kifin ƙanƙara har biyu a layinmu, matan unguwar Gesse kuma suka koyi yin oda ta waya a kai musu har ƙofar gida. Wata rana Baba zai wuni yana korar ƙuda. Ɗansa Munzali, malamin makaranta a Argungu, ya ce in damina ta wuce ba wani canji, zai zo da mota ya mayar da shi gida ya huta. Wannan hutun shi ne abin da Baba ya fi tsoro a duniya. Ya ce min ya ga tsaransa da aka zaunar gindin bishiya, ba wanda ya daɗe.

Ni ce na ce mu buɗe masa shafi a intanet, kamar yadda nake tallar ɗinkina. Ya yarda, amma da sharaɗin kowane kifi da hotonsa, domin ba a nuna wa mutum wani a ba shi wani. Na sha wahala ranar, ina tsugunne ina ɗaukar tarwaɗa hoto kamar amarya. A satin farko mutum biyu suka saya daga Kaduna, muka kai tasha. Ranar har shayi Baba ya sayo min.

Wata safiya ya leƙo da tsohuwar wayar da Munzali ya bar masa. Ina fama da ankon biki, fil cike da bakina.

"Ɗiyata, wanga ɗan hannu da ag ga ƙasan kihin, mi na na?"

Alamar nan ce ta hannu mai ɗaga babban yatsa. Ko juyowa ban yi ba na ce, "Mutane ne suka nuna suna so, Baba."

Ya ce madalla, ya koma. Kwana biyu bayan haka aka yi mana rasuwa a Jos, na tafi na yi sati uku.

Da na dawo, tun daga bakin layi na ji ƙaurin ya canja. Teburin Baba kusan wayam, amma a bayan benci kwanduna huɗu ne cike. Na ɗaga buhun da ya rufe su da shi. Laimar damina ta sa kifin ya yi fumfuna, ƙwari sun huda shi ta ko'ina. Duk kifin da Baba ya ga hannu a ƙasan hotonsa, ya ware shi yana jiran mai shi.

"Ba su zaka ba har yanzu," in ji shi. "Ko ki kira su? Har Goggo na hana ma babbar tarwaɗa don wani na Kano ya riga ta."

Goggo tsohuwa ce da ke zaune wurin ɗanta a Gesse. Tun ranar da ya buɗe shagon take hawo keke napep duk Juma'a ta sayi kifi. Ya ce ta dube shi kawai, ta ɗaure kuɗinta a bakin gyale ta tafi, kuma Juma'a biyu ke nan ba ta dawo ba.

Na zauna na yi masa bayani, ina jin kunya kamar ƙasa ta buɗe in shiga. Na ce wannan hannun ba alkawari ba ne, mutum na kwance a gado zai danna ya wuce, ya ma manta ya gani.

Ya daɗe yana duban wayar. "Mutum shi ɗora hannu, shi wuce, ba shi komowa?"

"Haka suke yi, Baba."

"To ni wa nika jira?"

Haushin kaina na ji, domin da na cire fil ɗin nan daga bakina na minti ɗaya, da ba a kai nan ba. Mu biyu muka kwashi kwandunan muka juye su a bola. Munzali ya ji labari, ya ce ba sai damina ta wuce ba, ranar Asabar zai zo da mota.

Ranar Alhamis Baba ya zaɓi tarwaɗa mafi kyau cikin ɗan abin da aka aiko masa, ya naɗe a takarda, ya ce in raka shi Gesse ya nemi gafara ya yi sallama. Mun tarar da Goggo a tsakar gida tana tsinar shinkafa. Ya durƙusa duk da ciwon gwiwarsa, ya faɗa mata komai bai rage ba, har da zancen motar Asabar. Ya tura mata kifin ya ce kyauta ce.

Ta buɗe takardar, ta juya kifin, ta shinshina. Sannan ta shimfiɗa tafinta a kansa.

"Ba ni son kyauta, Arzika. Na ɗora hannu. Ka aje min, ran Litinin ina zuwa shago in ɗauka."

"Goggo, ai Asabar za a..."

"Na ce Litinin."

Muka hau keke, kifin na bisa cinyarsa. Da muka iso ya sa shi a kwandon bayan benci ya rufe, sannan ya miƙo min wayar.

"Kira min Munzali," ya ce. "Ki ce mai ba ni iya tashi Asabar. Da kayan mutane hannuna."