Geron da Gwaggo ta bari a tsaye

Ƙamshin tumu ne ya tsallako katangar maƙwabta ranar Laraba da hantsi, daidai lokacin da wayata ta yi ƙara. Ɗana ne, wanda ke aiki a Faransa. Ya turo hotunan ƙananan garuruwa uku, kowanne a tsakiyar gonakin inabi, inda ake matse 'ya'yan a yi giya. Kwana goma kacal yake samu na hutu, yana so in hau jirgi in same shi mu huta a ɗaya daga cikinsu. A ƙasa ya rubuta: "Baba, zaɓi wanda ya yi maka."

Kai mai karatu za ka ce ai ɗan kirki ke nan. Ni kuwa kife wayar na yi a kan tabarma. Ba giyar ce ta ɓata mini rai ba, na san yaron ba ya sha. Yayata ce ta faɗo mini, gwaggonsa da ke Tozai, idonta ya tafi, wadda ta goye shi shekara biyu lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Shekara shida ke nan ba ta ji muryarsa a zaurenta ba.

Lokacin da muke yara a Illela, da gero ya fara nuna sai a watsa mu ƙauyuka. Babba ne yake cewa wane ya tafi nan, wance ta tafi can, ba a tambayar yaro. Amma mahaifina ɗan kasuwa ne, ya je Kumasi, ya ga yadda wasu ke yi da 'ya'yansu. Ina da shekara bakwai ya zaunar da ni ya ce in zaɓa: Araba wajen kawu, ko Tozai wajen gwaggo.

Kakata tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ta dakata. "Mi yaro yas sani? Ka aza mai kayan da ba shi iya ɗauka."

"Inna, bar shi shi zaɓa da kainai. Zamani ya sake."

Kawu yana da lambu. Akwai gwaiba, akwai masara, akwai jaki mai haƙuri da tabkin da muke iyo har idonmu ya yi ja. Gwaggo ba ta da komai sai ɗaki ɗaya, akuya biyu da 'yar gona mai yashi. Ba ta taɓa haihuwa ba. Wane yaro ne za a shimfiɗa wa waɗannan biyu ya ɗauki yashi? Na ce Araba. Da shekara ta zagayo na ce Araba. A ta uku ma ban jira an gama tambayar ba.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a danginmu gwaggo ba ta sa sabon gero a baka sai ta gasa wa ɗan ɗan'uwanta tumu da hannunta. Tumu kuwa ba ya jira, kwana kaɗan ne zangarniya ta bushe. Sai ta riƙa barin wani yanki a gindin gona, ta hana a yanke, ta yini tana korar tsuntsaye, ko zan zo.

A kaka ta uku ta rasu. Aka kai ni gaisuwa, ina baƙin cikin an raba ni da tabki. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta kama ni a wuyan hannu, ta ce, "Kai na ɗan Illela? Taho ka ga geronka." Duk gonakin an girbe, sai wannan yanki a tsaye, tsuntsaye sun cinye shi tas. Igiyar da ta ɗaura gwangwanaye tana nan, iska tana kaɗa su. Tsohuwar ta ce, "Shekara ukku ba ta ɗanɗana tumu ba."

Allah ya jiƙan mahaifina, amma har yau ban huce ba. Ya sani. Kowace ranar kasuwa saƙonta yana iso shi, sai ya ce ai yaro ne ya zaɓa. Nauyin da ke kansa ya sauke a kan ɗan shekara bakwai, ya kira abin wayewa, ya koma rumfarsa da hannu wankakke.

Na yi yawo bayan haka. Na zauna a Masar, na yi aiki a Dakar, na ma taɓa kwana biyu a irin garuruwan inabin nan. Suna da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ga wata tsohuwa a bayan taga, baƙi sun yi layi suna ɗaukar hoton ƙofarta saboda furanni, babu wanda ya ɗaga kai ya gaishe ta. Da Faransancin da nake ji na ce mata sannu, ta riƙe ni da hira har abokan tafiyata suka gaji. Yanzu 'ya'yanmu ma sun koyi duba gari kamar atamfa a kanti, ana juya wannan ana ajiye wancan, ba a tambayar wa ke ciki.

Bayan azahar na kira ɗan nawa. Ya fara yi mini bayanin garin da ke bakin kogi da wanda ke kan tudu. Na katse shi.

"Ba ni zuwa ko ɗaya. Kai za ka taho. Kwana ukku Illela, bakwai Tozai wajen gwaggonka."

"Baba, bari in yi tunani, in duba..."

"Ban ce ka duba ba. Ni ubanka na, na yanke. In ka ji haushi, ji haushina."

Ina jin numfashinsa, ina jin motoci suna wucewa a can inda yake. Can ya ce, da muryar da ban ji ba tun yana ƙarami, "Baba, in na yi sallama, tana iya gane ni?"

Na ce masa ban sani ba. Ya zo ya yi sallamar.