Sista Ramotu da Akwatin Zanen Zuciya

Ƙarfe bakwai da kwata Sista Ramotu Ndayako take buɗe ɗakin gwajin zuciya a asibitin da take aiki a Kontagora. Takan goge wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko takarda za ta isa, sannan ta ce majinyaci na farko ya shigo. Shekararta talatin da biyar tana aikin jinya, goma sha tara daga ciki a wannan ɗakin. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Na'urar tana zana bugawar zuciya a kan siririyar takarda wadda ba ta jure zafi. Majinyatanmu kuwa ninke ta suke yi su cusa cikin hula, bayan 'yan makonni a rana da gumi ta koma fara fat. Tun da Sista ta lura da haka, babu zanen da ke barin ɗakinta sai ta yi masa fotokwafi, ta rubuta suna da kwanan wata, ta jera a akwati. Ba wanda ya sa ta. Abokan aiki har tsokanarta suke yi, wai ta buɗe kantin takardu.

Bara akwatin ya yi rana. Alhaji Tanimu, ɗan kasuwar hatsi daga Salka, bugun zuciya ya kama shi yana tsaka da awo. Sista ce ta ɗauki zanensa na farko kafin a garzaya da shi wani babban asibiti a Abuja. A can aka buɗe babbar jijiyar da ta toshe, aka sa mata ɗan bututu, aka sallame shi. Bayan mako shida ya zo a duba shi, hannunsa a ƙirji.

Ya ce, "Olsa ce kawai, Sista. Zuciya kam an gyara, da idona na ga hoton."

Ta ce, "Ina zanen da suka ba ka?"

Ya cire hula ya zaro takardar. Babu komai a jikinta sai shacin gumi.

"To, Alhaji, hularka ta riga mu karantawa. Tashi mu taka."

Da izinin likita ta bi barandar asibiti da shi a hankali, yatsunta a kan wuyan hannunsa. A ginshiƙi na huɗu ya tsaya yana haki. Ta maida shi ɗaki ta ɗauki sabon zane, ta ciro na ranar farko daga akwati, ta shimfiɗa su a gaban Dakta Abdulfatahi. Likitan ya shaida mini cewa alamar ƙarancin jinin da ke isa zuciya ta sake bayyana daidai inda ta bayyana a na farkon, kuma ba don wannan kwafin ba, da ba su da abin kwatantawa. Ya rubuta a koma Abuja a auna ƙananan jijiyoyin zuciyar.

Alhaji ya ƙi. "Kaka ce fa, Sista. Dawa ba ta jiran mutum."

"Kana da fadama?"

"Ta albasa, 'yar kaɗan."

"In ka yashe babbar hanyar ruwa, ƙananan da ke shiga fangali suna toshe, albasa ta sha?"

Ya ce, "Ba ta sha ba."

"To haka zuciya take. Babbar hanyar aka buɗe maka. Ƙananan ba sa fitowa a hoton da ka gani, sai an auna su daban. Ka je, ko in kira Hajiyarka in yi mata bayanin albasa."

Ya tafi. A can aka zura siririyar waya mai auna ƙarfin jini da saurin gudunsa, aka tabbatar ƙananan jijiyoyin ba sa kai jini yadda ya kamata. Aka sauya masa magunguna, aka hana shi ɗaga buhu. Yanzu a kan benci yake zama a kasuwar Salka, yana nuni da sanda.

Sista, ba ke kika zura wayar ba, kuma sunanki bai shiga rahoton Abuja ba. Ke ce dai kika ƙi yarda da "olsa ce kawai". Ke ce mai ajiyar abin da rana take gogewa. Mutum nawa akwatin nan ya tsare, ba a ƙirga ba, domin wanda aka tsare gida yake komawa ya ci tuwonsa.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya zo da lafiya. Masu gadon ɗakin, kada ku bar akwatin ya zama tarihi. Majinyata, in ƙirji bai daina ciwo ba bayan an buɗe jijiya, ku koma ku faɗa.

Ranar Talata Alhaji Tanimu ya zo yi mata sallama da kwandon albasa. Takardarsa tana cikin leda, hularsa ba komai sai kai.