Kawu Ila da Tumbina

Duk wanda ya san Kawu Ila mai raguna ya san ba ya gaisuwa da hannu ɗaya. Na dama yana cikin naka, na hagu kuwa ya riga ya zagaya gadon bayanka yana latsawa, kamar yadda yake yi wa rago a kasuwar Tudun Wada. In ya gama jin abin da yake son ji sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yana tafe." Ba ruwansa da ko kai wane ne. Kun tuna ɗaurin auren Habu ɗan liman? A gaban jama'a ya latsa ango, ya ce wa dangin amarya su yi haƙuri, wannan sai ya ƙara damina ɗaya kafin ya isa shiga kasuwa.

Ni Sabo, ɗan ƙanwarsa, ni ne abin alfaharinsa. Tela ne ni, daga kan keken ɗinki sai gaban kwanon tuwo. In ya latsa ni hannunsa nutsewa yake yi, ya ce duk Burumburum babu turken da ya taɓa fitar da irina. Ana nan gwiwoyina suka ƙi, na koma salla a kan kujera, likita kuma ya ce hawan jini ya kama ni, in ban rage jiki ba abin zai taɓa zuciya. Na kai wa Kawu labari ina zaton zai ce likita bai san arziki ba. Sai ya ƙura wa tumbina ido.

Can ya ce, "Sabo, ba ni da ɗa namiji. Ranar da na mutu kai nake so ka kama makarata, kai za ka sa ni a rami. To da wannan tumbin, in ka durƙusa a bakin kabari ai sai dai a rufe mu tare."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce bai san aikin asibiti ba, amma ya san yadda ake sa rago ƙiba: a ɗaure shi wuri ɗaya, a kai masa dusa da harawa har gabansa. Don haka maganina shi ne a kwance ni daga turke. Washegari ya zo shago ya zare makullin babur ɗina, ya zura shi a igiyar wuyansa, ya miƙo min igiyar wani ƙaton farin rago ya ce, "Ga babur ɗinka." Kullum da safe in ja shi har fadama in dawo. Ku da kuka san tsumulmular Kawu, mutumin da ba ya barin ragonsa ya motsa don kada kitse ya zube, kun san abin da ya sadaukar. Ragon layya ne, har dillalai sun fara zarya a kansa.

Aka sha watanni. Babur, wato ragon, ya rame tas, ni kuwa ina nan yadda nake. In na hau sikelin asibiti sai allurar ta ɗan motsa kamar mai jin kunya, ta koma inda take. Wallahi raina ya ɓaci. Wata safiya na ɗaure ragon a gindin ɗorawa, na zauna gaban mai waina, na ce ta cika kwano ta malala miya. Ban kai loma baki ba na ji sallamar Kawu. Bai yi min faɗa ba. Zama ya yi, ya yi bismilla, ya cinye wainar tas, ya ce taimakona yake yi.

Na ce, "Kawu, na gaji. Rago ma ya fi ni ramewa."

Ya tambaye ni shekara nawa na yi ina tara kayan, da nake so su sauka kafin Salla. Sannan ya ce in miƙe. A gaban mai waina da masu saye ya ɗaga rigata ya finciko mazagin wandona.

"Bara da ƙyar kake samun na ƙullawa, yau ga shi yana reto har cinya. Tela guda, kana auna mutanen gari, ka kasa auna kanka." Ya latsa bayana ya ce, "Yana tafe."

Na ce me ke tafe? Ya ce ƙashi.

Tun daga ranar na daina rigima da sikeli, na koma duba mazagi. Inna kuwa, mahaifiyata, da ta ga wuyana ya fara fitowa sai hankalinta ya tashi, ta ce ciwo nake ɓoyewa, ta shiga aiko min da fura da man shanu. Kawu ya tare hanya, duk abin da aka ɗauko a wajensa yake tsayawa. Ina raguwa yana ƙaruwa, har liman ya rama wa ɗansa, ya latsa shi a ƙofar masallaci ya ce wannan ya isa kasuwa.

Kafin kaka ta zagayo na ajiye kujerar salla. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa, a sahu ɗaya muke da Kawu. Da aka sallame, makullin babur kawai ya ciro ya ajiye min a kan tabarma.

Bana bayan an gama girbi Kawu ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Daga gidansa zuwa makabarta hanyar fadama ake bi, hanyata da Babur. Na kama makara ta gaba, ana ta karɓa-karɓa ni ban saki ba har muka isa. Na durƙusa muka kwantar da shi a gefensa na dama, sai na ji hannuna na hagu a gadon bayansa, ƙashi zalla. A nan kuka ya ƙwace min. Da muka gama na miƙe da ƙafafuna, ba wanda ya ɗaga ni.

Na gode, Kawu. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sauke maka duk wani nauyi kamar yadda ka taya ni sauke nawa. Mu ma muna tafe.