Sanarwar da Na Riƙe Ranar Rasuwar Nasiru

Shekara shida ke nan da muka binne Nasiru, abokina tun muna 'yan firamare a Gaya, kuma har yau idan na tuna sahun sallarsa sai kunya ta rufe ni. Sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba.

Ga wanda bai san shi ba, Nasiru malamin makaranta ne, shi ya buɗe ɗan shafinmu na intanet mai kawo labaran Gaya da Ajingi. Kowa na iya turo rubutu: manomi ya koka kan taki, ɗan kasuwa ya faɗi yadda gyaɗa ta kwana a kasuwar Ajingi. Amma sai ka bi ƙa'idojinsa. Ka sa sunanka na gaskiya da unguwarku, ka rubuta abin da idonka ya gani, ba zagi, ba hoton gawa. Ni kaina ya taɓa dawo mini da rubutu kan lalacewar hanyar Toranke, wai a teburin mai shayi na ji labarin ramukan, in je in faɗa ko ɗaya ne tukuna.

Ƙa'idar da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ita ce ta rasuwa. Ba a sa sanarwa sai an tabbatar uwar mamacin, ko matarsa, ta ji daga bakin mutum, a zaune. Da an tabbatar kuwa, shafin ne ke tara jama'a. Talakawa da yawa sun samu sahu mai tsawo ta dalilin Nasiru.

Ya rasu da hantsi bayan gajeriyar jinya. Mahaifiyarsa, Inna, mai fama da hawan jini, tana ƙauyen Balan wajen sunan jikarta, a gida cike da mata, kowace da waya a hannu. Yayansa ya ce za a yi jana'iza bayan Azahar. Ya kama hannuna ya ce, "Habibu, ka saka mana sanarwa a shafin, mutanen Kano su taso." Na riga na rubuta sanarwar, taɓawa ɗaya ta rage. Na ce masa sai Inna ta ji, na roƙi kowa ya riƙe bakinsa, na hau babur.

Damina ce, hanya ta sha ruwa. Kafin in isa, in sa a kira ta zaure, in faɗa mata, rana ta take tsaka. Sai a nan na saki sanarwar. Ɗalibansa da abokansa da ke Kano suka cika motoci, suka iso da La'asar, suka tarar an rufe kabari. Wasunsu har yau gaisuwarmu ba ta wuce sallama, kuma ban ga laifinsu ba. Ƙa'idarsa na bi, amma ni na rage masa masu roƙa masa gafara, a ranar da ya fi bukatarsu. Wannan shi ne abin da ke cina.

Yanzu Mubarak ke riƙe da shafin, tsohon ɗalibinsa, ɗaya daga cikin waɗanda suka iso a makare. Watan jiya ya same ni ya ce suna sabunta ƙa'idojin masu turo rubutu, yana so in yarda a cire ta rasuwa. "Yaya, kafin mu tabbatar, wasu shafukan sun gama yaɗawa. Wa muke karewa?" Me Nasiru zai ce da wannan zamani, da ake ɗaukar hoton mutum kafin a ɗauke shi? Wataƙila ya kafe, don taurin kansa sananne ne. Wataƙila kuma ya tuna nasa sahun ya sassauta. Ban sani ba.

Sai na tafi wajen Inna, na faɗa mata komai, har da abin da yayan Nasiru ya roƙe ni na ƙi. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sahun nan da kake ta faɗa, ni ban gan shi ba. Abin da na gani kai ne. Ka cire takalmi, ka zauna, sannan ka yi magana. Da a waya na ji, a tsakiyar gidan suna, gawa biyu za ku ɗauka." Ta watsa ɓawon a kwando. "Addu'ar da ka ce ka rage masa, ni nake cika ta tun ranar."

Na ce wa Mubarak ya bar ƙa'idar a inda take. Ya bari, ko da yake ba da son ransa ba. Ba zan ce nauyin ya sauka daga ƙirjina ba, domin bai sauka ba. Abin da ya saura na Nasiru shi ne layi ɗaya a saman shafi, da tsohuwa mai ambaton sunansa kullum da asuba. Ku da kuka iso da La'asar, ku yafe mini. Kuma ranar da tawa ta zo, ku jira matata ta ji tukuna, ko da sahu ɗaya zan samu.