Yadda Na Cika Garin Surukarmu da Jama'a

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Shekarun da na yi a Kuala Lumpur ina neman digiri na uku da furfura a gemu, ni ne bakin Hausawan unguwar Wangsa Maju. Ko aure ko suna, ba a watsewa sai na yi magana. Na taɓa yabon ƙauyen mai shagon mamak, wato ɗan gidan abincin Indiyawan da muke shan shayi, har ya ce zai rufe shago ya koma gida noma, alhali ko a taswira ban san ƙauyen ba. Lokacin na yi imani babu garin da zai gagare ni kirari a duniyar nan.

Akwai wani matashi Bakano, ɗalibin likitanci, da yaƙi ya koro daga Yukren ya zo Kuala Lumpur ƙarasa karatu tare da matarsa 'yar can. Baba yake ce mini. Uwar matar tana wani tsohon gari a Yukren ta ƙi fita, kuma tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa yarda ta yi magana da shi ba. Da aka yi musu haihuwa sai ta amince za ta kalli suna ta waya. Ya same ni ya ce ni ne ubansa a nan, in yi magana yadda tsohuwar za ta san 'yarta na hannun mutanen kirki, don in wannan dama ta wuce bai hango wata ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, aikin ya zo gidansa.

A jirgin ƙasa kan hanyar Cheras, unguwar da suke zaune, na leƙa tarihin garin a waya. Na ga ganuwa da tsohuwar hasumiya, na ga hoton kasuwa cike da keken doki, na ce ya isa. Ban gangara inda ake maganar yawan mutanensa a yau ba. Mu ai da jama'a ake yabon gari, wa ya taɓa yi wa gari kirari da shiru?

An ɗage sunan zuwa bayan azahar don ya dace da safiyar can. Aka jingina waya da kwanon dabino, na miƙe, mai jego tana fassara. Na ce garin surukarmu gari ne da sarakuna suka yi ta kokawa a kansa. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ni kuwa ganin haka sai na saki linzami. Na ce unguwar kasuwarmu ta Chow Kit ranar Asabar ƙauye ne a kansa, kasuwarsa babu masakar tsinke, yara a titi sai an danna musu hon, kowane gida hayaƙi na tashi. Na lura mai jego ta rage murya, na ɗauka kunyar surukai ce, na ƙara wuta. Tsohuwar ta kai gefen ɗankwali ido, ta kashe waya.

Sai a lokacin mai jego ta gaya mini garin ya daɗe yana zubewa. Yahudawa da 'yan Poland da suka raya kasuwarsa yaƙin duniya ya share su, matasa suka yi ta ficewa neman aiki, wannan yaƙin ya kwashe sauran. A layinsu tsofaffi kaɗai suka rage, makarantar da ta yi ma an kulle. Tsohuwar ta ɗauka taruwa muka yi don mu yi mata ba'a. Ni da nake cin rabon mutum uku, ranar ko tsoka ɗaya ban ci ba.

Matata ce ta tasa ni gaba muka koma gidan bayan kwana biyu. Da ƙyar tsohuwar ta ɗauki waya. Na ce mata ban taɓa taka ƙasarsu ba, kuma a wurinmu in kana son mutum sai ka cika garinsa da jama'a. Na roƙe ta ta ba ni labarin garin da bakinta. Sai ta fara bin layinsu gida gida, wa ke ciki a da, ina yake yanzu. Tun da aka haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Da ta gama ta ce a miƙa wa surukinta waya, ta tambaye shi ko yana samun abinci mai kyau, ta sa wa jaririyar albarka.

Har gobe ina magana a taro, kuma har gobe ba a yi wanda ya kamo ƙafata ba. Amma ina jan kunnen masu baki irin nawa: kafin ka yabi garin baƙo, tambaye shi wa ya rage a ciki, don yabon da ke sa Bakano washe baki yana iya fama wa wani ciwo. Ran nan kafin a yi sallama da tsohuwar na ce mata in an yi sulhu zan kawo ziyara. Ta ce da 'yarta ta gaya wa mai surutun nan ya zo, amma ya taho da mutanen da ya ƙirga, gidaje na nan babu kowa, ita ma ta gaji da hira da kaji.