Hatimin da Kawu ya fere

Shekarar da na buɗe shagon nama a unguwar Nuzla, a ƙasa mai tsarki, kawuna ya zo umra ya sauka a gidanmu. Mahauci ne can gida tun yana saurayi, kuma in ya ga wuƙa hannunsa ba ya zama lafiya.

A nan ba a rataye nama haka kawai. Kowace cinya tana da hatimin mayanka, tawada ce a jikin kitse. Ita ke shaida cewa maraƙin da ka rubuta a allo maraƙi ne yankan nan, ba tsohuwar saniyar da ta sha ƙanƙara a jirgin ruwa ba. In babu hatimi, ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, su kwashe naman, su kulle shago.

Wata safiya na bar masa shagon na je sayo leda. Na dawo na tarar da maraƙina fari fes, an fere masa kowane tabo.

"Kawu, ina hatimin?"

"Wannan dattin? Na cire maka. Wa zai sayi nama da shuni a jiki, ɗana?"

Raina ya ɓaci sosai, ga shi ba a yi wa kawu tsawa. Ban gama haɗiye fushin ba sai ga ma'aikacin baladiyya ya shigo zagayensa. Ya juya wannan cinya, ya juya waccan, ya dube ni. Nan take na hango shagon a kulle, ni kuma na koma dako a tashar jiragen ruwa.

Na yi masa bayani da Larabci. Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga ana nuna inda ya fere. Sai ya sunkuya ya jawo kwano daga ƙarƙashin tebur. Ashe bai zubar da abin da ya fere ba, ya adana ne zai kankare tawadar ya soya kitsen.

Ma'aikacin ya sa safar hannu, ya riƙa ɗaukar kitsen yana gwadawa a gurbinsa. Kowanne ya zauna daram. Ya karanta hatimin, ya yi murmushi.

"Halas," in ji shi. "Amma ka raba dattijon nan da wuƙa."

Da ya fita, na zauna a ƙasa ina ta alhamdu lillahi. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Kawu ya leƙa kwanon, ya tambaye ni ko baƙon ya gama da kitsen, don azahar ta kusa kuma bai karya ba.