Rabin Maganin da Yaya Sabi'u Ya Kyautar

Daminar bana ita ce ta goma sha biyu da rasuwar yayana Sabi'u. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, waina nake soyawa in rabar sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba, domin saura ƙiris a sake zubar da jini da sunansa. Ɗansa Nafi'u, wanda ya bari yana ƙarami, ya girma har ya ajiye iyali, kuma a farkon daminar nan ya ɗora wa wani dattijo adda a wuya saboda labarin da aka ba shi rabi aka bar rabi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gona ta yi wa mutane kaɗan. Gado ya yayyanka ta, har ta kai mutum yana iya tsayawa a tasa ya miƙa wa maƙwabcinsa goro a tasa. Abin da ke raba gona da gona layin gamba ne, ciyawar nan da ake yin zana da ita, kuma wanda ya taɓa gambar wani ya nemi faɗa. Gonar Yaya da ta Haladu, ɗan baffanmu, asalinsu gona ɗaya ce ta kakanmu.

Yaya mutum ne mai zafin zuciya da sakin hannu, kuma har yau ban san wanne ya fi ba mu wahala ba. Yana iya marin mutum da hantsi, da la'asar ya tuɓe rigarsa ya ba shi. Innarmu ɓoye masa hatsin iri take yi idan bazara ta yi, don ta san duk wanda ya yi sallama ya ce gidansa ba a ɗora tukunya ba, to da irin zai koma. Ban taɓa jin ya ce wa mai roƙo babu ba, ko da kuwa babun ce.

Ranar da abin ya faru ina wurin, don ni na ɗauki furarsa na kai masa gona. Shanun huɗar Haladu ne suka karkace, garma ta tumɓuke gamba, ta ci kunya ɗaya daga gonar Yaya. Kunya ɗaya tak! Aka fara da cacar baki, aka koma gori, sai Haladu ya ambaci Inna. Ban ga lokacin da Yaya ya ɗaga gora ba, ƙarar ƙashi kawai na ji. Hannun Haladu ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa, ƙashin ya huda fata ya leƙo. Shi kuma bai faɗi ba. Da ɗaya hannun ya wawuri fartanya, duk laka da taki a bakinta, ya kafta wa Yaya a ƙwauri. Suka zube cikin kwarin kunya suna shaƙe juna, suna cizo, jini yana bin ruwan saman da ya kwanta. Na jefar da ƙwaryar fura ina kururuwa. Kafin maza su ɓamɓare su, Haladu ya rasa gefen kunnensa, Yaya kuwa namansa a buɗe har ana hango farin ƙashi.

Aka ɗora Yaya a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibiti. An wanke ciwon yana ihu yana zagin kowa, aka ɗinke, aka yi masa allura, sannan aka ba shi kafso. Ina tsaye ma'aikaciyar jinya ta riƙe ledar, ta ƙi sakar masa sai da ya dube ta.

Ta ce, "Malam, wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, daidai ciwonka aka auna shi. Ka riƙa sha a kan lokaci. Ko ka ji ka warke, kada ka tsaya sai ya ƙare, kuma kada ka ba kowa. In ka ga ƙuraje, ko ƙafar ta ƙara kumburi, ka dawo."

Ya ce, "Na ji, Hajiya, Allah ya saka."

Shi kuwa Haladu wurin maɗori aka kai shi, aka ja hannun, aka ɗaure shi da kara da tsumma a kan buɗaɗɗen rauni. Ba a jima ba ya fara wari.

Dattawa suka zauna a zauren mai unguwa aka yi sulhu, aka sake dasa gamba a inda take. Sai dai a wajenmu sulhun baki bai cika sulhu ba. Dole wani abu ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, ko ƙwaryar tuwo, ko zakara, ko goro, don jama'a su ga zumunci ya dawo. A lokacin ƙafar Yaya ta saɓe, zazzaɓi ya sauka, har yana dogarawa ya je masallaci. Da ya ji labarin hannun Haladu yana ruɓewa, kunya ta kama shi, domin shi ya fara duka. Bai aika da zakara ba. Ya zazzage sauran kafsonsa a leda, ya ɗauki sanda, ya ɗingisa da rana tsaka har ɗakin Haladu, ya danƙa masa.

Gari ya ɗauka. Tsofaffi suna sa masa albarka, mata suna ba da labarin a bakin rijiya, har malamin da ke karantar da manya bayan la'asar ya yi misali da shi a kan yafiya. Babu wanda ya ga aibun abin, domin mu mutane ne da muke ganin rowar magani ta fi rowar abinci muni. Haladu ya haɗiyi wasu, ya ɓare wasu ya barbaɗa garin a cikin raunin, kamar yadda ake yi. Maganin da aka auna wa mutum ɗaya ya rabu biyu, bai ishi ko ɗayansu ba.

Ciwon ya dawo wa Yaya da fushi. Ƙafar ta yi ja, ta kumbura har tana sheƙi, ɗinkin ya ɓalle, mugunya tana tsiyaya. Aka ce a koma asibiti, ya ce da wane ido zai kalli matar nan da ta gargaɗe shi. Ranar kasuwa ya sa aka sayo masa kafso mai ja da rawaya wurin mai tallan magani, irin wanda ke yini a faranti rana tana dukansa. Ya riƙa watsa biyu uku lokaci guda yana korawa da fura da nono. Daga baya ne likita ya gaya mana wannan ba maganin ciwonsa ba ne, kuma nono ma yana hana irinsa aiki. Aka kira wanzami ya tsattsaga ƙafar wai a fitar da mugun jini. Jinin ya fita, kumburin ya haye gwiwa.

Ba zan manta ƙarshen jinyar nan ba, kuma ba na so in manta. Zazzaɓi ya juya masa kai. Ƙarti huɗu ke danne shi yana watsar da su, ya ɓalla ƙyauren ɗakinsa da kafaɗa, ya tauna harshensa har jini ya cika masa baki. Warin ƙafar ya kori kowa daga tsakar gida sai Inna. A haka aka ɗaure shi da rawani aka sa a mota zuwa Kano. Likita ya dubi ƙafar, ya tambayi abin da ya sha, ya ce ƙwayoyin cutar da rabin magani ya raunata bai kashe ba sun farfaɗo, sun shiga jini. Ana shirin yanke ƙafar Allah ya karɓi abinsa.

Daga maƙabarta matasan danginmu ba su koma gida ba. Suka ɗebi adduna da galan ɗin fetur suka nufi gidan Haladu. Sun riga sun cinna wa rumbunsa wuta, sun sassare masa saniya ɗaya tana kuka, sai suka tarar da Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, carbi a hannunta. Matar da aka binne ɗanta ɗazu! Ta ce duk mai son ƙona gidan nan ya fara zuba mata fetur ɗin. Suka watse. Tsoron abin da ya sami Yaya ya sa surukan Haladu suka kai shi asibiti, ya sha jinya mai tsawo, hannun ya tsira amma ya shanye.

Daga nan labarin ya ƙanƙance a bakin mutane, ya koma "Haladu ya sari Sabi'u ya mutu." Zancen magani ya ɓace, don ba wanda yake son ya ce alherin da aka yi ta yabo shi ne ya buɗe kabari. Matar Yaya ta yi aure wajen Tsanyawa ta tafi da Nafi'u, can ya tashi da guntun labarin. Bana ya dawo ya karɓi gonar ubansa, abokai suna zuga shi, suna nuna masa wanda ya mayar da shi maraya yana yawo a gari.

Ranar huɗa ya tarar da Haladu a bakin gambar nan. Ya shaƙe shi, ya maka shi da ƙasa, ya taka shanyayyen hannun, ya ɗora masa adda a maƙogwaro har fata ta tsage. Waɗanda suka gani sun ce Haladu bai yi ko motsi ba.

Ya ce, "Yanka, ɗana, na daɗe ina jiranka. Ni na sare shi, ban musa ba. Amma ka tambayi gwaggonka wanda ya kawo min maganinsa har ɗaki da ƙafar da na sara."

Da addar a hannunsa Nafi'u ya zo gidana, idonsa jajir. Na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga kunya ɗaya har ƙyauren da aka ɓalla, ban rage masa komai ba. Na ce masa saran Haladu ya kai ubansa asibiti, amma ya riga ya kama hanyar warkewa, raba maganin ne ya dawo da ciwon.

Ya ce, "To Gwaggo, ni yanzu wa zan kama?"

Kuka muka yi, ni da shi.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Zai tarar da kafso ya fi da yawa, a shago, a faranti, har a teburin mai shayi. Mai mura yana sha, alhali mura ba ta jin sa. Mai gudawa yana sha ba tare da an duba shi ba, ana jiƙa wa kaji, ana ajiye ragowar na wani ciwon a aljihun gado don gaba. Likitoci suna ta faɗin cewa cututtuka sun fara ƙin jin maganin da da yake kashe su, mu kuma muna ta rabawa juna kamar alewar suna. Na san halinsa, da farko dariya zai yi ya ce mu ne da tsoro. Amma mutumin da ƙarti huɗu suka kasa dannewa ya fi kowa sanin abin da ya gani, kuma ina jin haushin cewa ba shi da bakin faɗa.

An sake yin sulhu, tsakanin Nafi'u da Haladu, a zauren nan dai. Ana jiran a ga abin da zai fita daga wannan gida ya shiga wancan. Sai ga shi 'yar Nafi'u ta kwanta da ciwon ƙirji, an duba ta a asibiti an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, ta fara samun sauƙi. A makon ne jikar Haladu ita ma ta kama tari da zazzaɓi. Haladu da kansa ya yi sallama a ƙofar Nafi'u, tabon addar bai gama bushewa a wuyansa ba, ya ce a sam masa maganin ko cokali biyu ne. Masu zaman dakali suka zuba ido. Kowa ya san in an hana, to gaba tana nan.

Nafi'u ya ce, "Baba Haladu, ba zan ba ka ba. Wannan nata ne, sai ta shanye shi tas."

Nan take aka fara ƙus-ƙus, wai ɗan Sabi'u ya yi rowa, wai bai gado ubansa ba. Shi kuwa ya shiga gida ya turo babur ɗinsa, ya ce a ɗauko jikar Haladu.

Da Yaya yana raye, na rantse da ya mari yaron nan a kan kalmar "ba zan ba ka ba", ni kuma da na tsaya masa a gaba mun kwashi 'yan kallo. Abin da ya rage mana na Sabi'u ba gonar ba ce, gona kam ta kusa cinye mu. Sakin hannunsa ne ya rage, kuma na gan shi a jikin ɗansa, sai dai wannan karon bai kashe kowa ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa zafinsa, ya karɓi alherinsa yadda ya nufe shi.

Ina ƙofar gida suka wuce ni a kan hanyar asibiti. Nafi'u yana tuƙi, jikar tana tsakiya, Haladu a baya ya tallafe ta da hannunsa mai lafiya. Shanyayyen kuwa ya ɗora shi a kafaɗar ɗan Sabi'u don kada ya faɗo.